Kafin mai walda ya yanka ƙarfe: yadda na zaɓi fawa-fak ɗin kwamfutata

1/ Duk mai shirin haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, musamman wanda zai ba mai walda ko kafinta ya ƙera masa gidanta, ya tsaya ya karanta wannan kafin a yanka ƙarfe ko katako. Magana ce a kan fawa-fak, wato PSU. Zaren yana da tsawo, ku nemi wuri ku zauna. 🧵

2/ Fawa-fak shi ne akwatin nan mai fanka da tarin wayoyi da ke cikin kwamfuta. Aikinsa ya karɓi wutar soket, wadda a Najeriya bolt 230 ce, ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa kowane sashe rabonsa. Ranar da ya yi ƙarya, duk abin da ke jone da shi yana cikin haɗari.

3/ Yawancinmu muna ƙarar da kuɗi a kan furosesa da katin girafik, ɗan canjin da ya rage sai a ce "a samo fawa-fak da shi." Abin da nake son faɗa guda ɗaya ne: shi ake fara zaɓa, sannan a ƙera gidan a kewayensa. Tambaya uku ake yi masa. Zai shiga? Zai ɗauki kayan? Zai jure irin wutar garinmu?

4/ Ni ɗan Ruma ne, ƙaramar hukumar Batsari. Ina karatun kimiyyar kwamfuta a Katsina, kuma da haɗa bidiyon biki da zanen fosta da katin gayyata nake biyan wani ɓangare na kuɗin rajista. Laftof ɗin da zai yi wannan aikin ba tare da haki ba ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Dole sai ta tebur.

5/ Matsalar ita ce zamana wuri biyu ne. Zangon karatu ina Katsina, hutu ina gida. Wanda ya ga yajin aikin jami'o'i na 2022, tun Fabrairu har Oktoba, ya san hutu yana iya zama wata takwas. Ba zan bar abin neman abincina a ɗakin haya ba. Duk inda na sa ƙafa, inji sai ya bi ni.

6/ Wanda ya taɓa shiga Golf daga Batsari ya san yadda ake cusa mu, ga buhuna a but har ba ya rufuwa. Kes ɗin kanti mai gilashi da fitilu ba zai isa Katsina da ransa ba. Ban da haka, mu da maƙwabtanmu na Safana a bakin dajin Rugu muke. Ba a son kaya mai jan ido a hanya. Kun dai gane.

7/ Sai na yanke shawarar a ƙera mini ƙaramin gida na ƙarfe da zai shiga jakar goyo, in ɗora a cinya kamar kayan makaranta. Kuɗin kuwa, Inna ce ta kai ragonta kasuwar Batsari, Kawu ya cika da kuɗin rogo. Da za ta miƙo mini sai ta ce, "Bashi ne fa, ba kyauta ba." Irin wannan kuɗi ba a gwaji da shi.

8/ TAMBAYA TA ƊAYA: ZAI SHIGA?
Fawa-fak ba girmansa ɗaya ba. Ga awon waɗanda aka fi sani, da milimita, faɗi da tsayi da zurfi:
ATX: 150 × 86 × 140
SFX: 125 × 63.5 × 100
SFX-L: 125 × 63.5 × 130
TFX: 85 × 65 × 175
Flex ATX: 81.5 × 40.5 × 150
Ku ajiye wannan, za ku neme shi.

9/ ATX shi ne gama-gari. Kamfanin Intel ne ya fito da tsarin tun 1995. Fuskarsa, wato 150 da 86, ba ta canzawa, amma zurfin yana canzawa. Akwai mai 140, akwai mai 160, manya har 180 da abin da ya fi. Nan mutane ke faɗawa rami. An ce maka "ATX ne" ba ya nufin zai shiga gidanka. A tambayi zurfinsa.

10/ Idan ka leƙa YouTube, kusan duk masu haɗa ƙananan kwamfutoci a Turai da Amurka SFX suke sawa. Ƙarami ne, ga kyan gani, ni ma ya burge ni. Amma na yi wa kaina tambayar da su ba su da dalilin yi: idan wannan abin ya mutu ina Ruma, ga aikin biki a hannuna, a ina zan samu wani?

11/ A yawon da na yi, SFX ba ya samuwa da sauƙi. Wanda ya san shi ma sai ya ce maka sai an yo oda daga Legas ko daga waje, kuma farashinsa ya ɗara na ATX mai ƙarfi ɗaya. ATX kuwa ana samu a Katsina, in ta ƙi ka shiga Kano, titin Beirut, ka dawo da shi ranar.

12/ Sai na zauna na yi lissafin wurin da kowanne ke ci. ATX mai zurfin 140 kimanin lita 1.8 ne. SFX kimanin lita 0.8. Bambancin lita ɗaya kenan, wato ledar fiya-wata biyu. A kan fiya-wata biyu ba zan ɗaure kaina da kayan da sai na jira mako biyu kafin in samu madadinsa ba.

13/ Akwai kuma wata dabara. Ramin ATX yana karɓar SFX idan aka sa masa ɗan farantin ƙarfe mai rage baki. Amma ramin SFX ba zai taɓa karɓar ATX ba, sai dai a koma wurin mai walda. Wanda ya buɗe babbar ƙofa, yaro da babba duk za su wuce. Don haka na tsayar: ATX mai zurfin 140, a bar wuri har 160.

14/ Tun ran gini ran zane. Fawa-fak ɗin na fara saya kafin a taɓa ƙarfe. Na ɗora shi a kan kwalin taliya na zana fuskarsa, na huda ramukan sukuru huɗun nan. Ku lura, ramukan ba a jere suke daidai-wa-daida ba, ɗaya ya kauce. Na haɗa gidan gaba ɗaya da kwali da salatif, na zuba kayan ciki na gani da idona.

15/ Da na kai wa mai waldan, dattijo ne abokin Kawu, ya juya kwalin ya ce, "Kai ɗan nan, ƙofa da taga na sani. Mi ne wannan kuma, kejin kaza?"
Na ce, "Baba, kusan haka ne, sai dai kazar ta fi rago tsada."
Ya yi dariya ya ce to a kawo tef a auna.

16/ Ya auna faɗin ya ce inci shida ne. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a bi kwalin." Inci shida milimita 152 ne da ɗoriya, mu kuwa 150 muke nema. A ƙofar gida milimita biyu ba komai ba ne. A ramin sukuru kuwa ita ce tsakanin ya ɗauru da ya ƙi. Kwali ya raba gardama, kuma aikin Baba ya fita tsaf.

17/ Awon da ke jikin takarda bai haɗa da wayoyi ba. Wayoyin suna fitowa ta bayan akwatin, masu kauri ne, ba sa lanƙwasuwa kamar zare. A bar musu santimita 3 zuwa 4. Idan mai wayoyin cirewa ne, kawunansu ma suna cin wuri. Idan wanda wayoyinsa ke manne ne, a tanadi lungun da za a naɗe waɗanda ba a amfani da su.

18/ Sai iska. Fankar ATX yawanci milimita 120 ce, tana zuƙo iska ta gefe ɗaya ta fitar da zafi ta baya. Duk inda ta kalla, a huda mata ramuka. Idan ƙasa ta kalla, a yi wa gidan ƙafafu aƙalla santimita 2, kuma kada a ajiye shi a kan katifa. Tawa sama ta kalla, don haka an hana kowa ɗora littafi a kai.

19/ Wanda ya san Afrilu da Mayu a Katsina ya san ma'aunin zafi yana taɓa 40. Masu kirki suna rubuta cewa ƙarfinsu ya tabbata a zafin digiri 40 ko 50. Wasu kuwa a 30 ko ƙasa da haka aka auna su. Ma'ana a ɗakin kwano da rana tsaka, ba za su ba ka lambar da ke jikinsu ba. A duba wannan layin.

20/ Hunturu kuma ƙura ce. Na yanko ragar taga ta hana sauro, na manna ta a bakin ramukan iska da ƙananan maganaɗisu. Duk mako in cire in wanke in shanya. Ƙura idan ta taru a cikin fawa-fak kamar bargo take zame masa, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsofar da kayan cikinsa.

21/ TAMBAYA TA BIYU: ZAI ƊAUKI KAYAN?
Nan lissafi ne, ba zato ba. Ga nawa:
Core i5-12400F: yana kaiwa wat 117 idan aiki ya yi tsanani
Radeon RX 6600: wat 132
Madabod da RAM da SSD da fankoki: na ƙiyasta wat 50
Jimla: kusan wat 300
Lambobin furosesa da kati suna shafin kamfanonin da suka yi su.

22/ Ba a sayen mai wat 300 don lissafi ya ba da 300. Katin girafik yakan yi zabura na ɗan lokaci ya ja fiye da adadinsa, kuma fawa-fak yana rage ƙarfi idan ya tsufa cikin zafi. AMD da kansu mai wat 450 suka ba da shawara ga wannan katin. Ni na ɗauki mai 550, ya zama yana aiki a wajen rabin ƙarfinsa.

23/ Wani ya ce mini, "Kai da ke kan sola, mai 550 ai zai shanye maka batir." A'a. Lambar iyakar abin da zai iya bayarwa ce, kamar buhu mai cin tiya 40. Idan tiya 20 ka zuba, 20 ɗin ce a ciki. Amma kuma sayen mai wat 1000 don inji irin nawa asarar kuɗi ce, ga shi yawanci ya fi tsawo.

24/ Yanzu ga sirrin da ya fi komai a zaren nan. Kada ka kalli babbar lambar da ke kan kwali. Juya akwatin ka karanta takardar da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V. Furosesa da katin girafik daga nan suke sha. Ka ninka bolt da amfiya, shi ne wat na gaskiya. Nawa an rubuta 45A: 12 × 45 = 540.

25/ A wani shago an miƙo mini wani an rubuta 650W da manyan baƙaƙe, ga arha. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai sabo ne dal, a leda." Na juya gefe: +12V, 18A. Wato wat 216. Katina da furosesata kaɗai sun wuce haka. Ga shi a hannu sakayau kamar gwangwanin da ba komai ciki. Na yi godiya na fita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

26/ Tambarin 80 PLUS da kuke gani tsari ne da aka fara a 2004. Ma'anarsa aƙalla kashi 80 na wutar da akwatin ya ja daga bango yana isa ga kwamfuta, sauran ya tafi a zafi. A ma'aunin bolt 230, idan yana rabin lodi, Bronze yana ba da kashi 88, Gold kashi 92. Tambarin tsimin wuta yake aunawa kawai.

27/ Wato bai isa shaidar inganci shi kaɗai ba, kuma sitika ba ta da wuyar bugawa. Ka ɗauki lambar samfurin ka nema a shafin 80 PLUS, idan ba ta nan ka san inda aka dosa. Sannan ka nemi waɗannan haruffa a kwali: OVP, UVP, OCP, OPP, SCP, OTP. Su ne masu kashe inji idan wuta ta yi yawa, ta yi kaɗan, waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima.

28/ Me ya sa nake nanata wannan? Wani abokina ɗan ajin ƙarshe ya haɗa inji mai kyau, ya rufe da fawa-fak marar suna. Wata rana da yamma sai ƙara "ɗas" da warin ƙuna. Bai tafi shi kaɗai ba, ya ja madabod da SSD. Babi uku na furojet ɗinsa suna ciki. Na ga namiji ya zauna a ƙasa ya rasa abin cewa. Araha ba ta ado.

29/ Za ku ce me ya hana shi ajiyewa a intanet. Ku da ke birni kuna iya faɗin haka. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. Tun lokacin muka san abin da ke cikin injinka da filashinka shi ne naka. Fawa-fak shi ne mai gadin wannan ajiya.

30/ Sai kawunan wayoyi. Ka tabbatar akwai mai fil 24 na madabod, mai fil 8 na furosesa wanda ke rabuwa 4+4, da mai 6+2 na katin girafik. Na kati mai fil 6 wat 75 yake ɗauka, mai 8 wat 150, ramin madabod ya ƙara 75. Na furosesa da na kati sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Wanda ya ƙi shiga kada a tilasta shi.

31/ Idan fawa-fak ba shi da wayar katin girafik, saƙo yake ba ka cewa ba a yi shi don wannan lodin ba. Kada a ce maka "akwai adafta." Kan wayar SATA wat 54 aka tsara masa a layin bolt 12. Ka ɗora masa kati mai neman 150, roba ta narke. A gidan katako kuwa wannan maganar gobara ce.

32/ Masu manyan katunan NVIDIA na zamani, akwai sabon kai mai fil 16 da ya zo tare da tsarin ATX 3.0 a 2022, yana ɗaukar har wat 600. Yana son a tura shi ya shige gaba ɗaya, kuma ba ya son a lanƙwasa wayar dab da bakinsa. Ma'ana faɗin gidan da za a ƙera sai an ƙara masa wuri ta gefen katin.

33/ Kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake kawowa na hannu, da yawansu fawa-fak ɗinsu nasu ne na kansu. Girmansa daban, kan wayarsa ba mai fil 24 ba ne. A cikin gidansu suna aiki lafiya lau. Amma kada ka saye shi da niyyar sa wa madabod na gama-gari, ko ka auna gidanka da shi.

34/ Gargaɗi ga masu sayen mai wayoyin cirewa: wayar wani ba ta aiki a jikin wani, ko da ta shiga ramin daram. Ta ɓangaren akwatin kowane kamfani da yadda ya jera filolinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Idan na hannu ne kuma an tsinto masa wayoyi daga kwando, bar shi.

35/ Na hannu ba laifi ba ne idan an gwada. Tsofaffin da suka fito daga Amurka, inda wuta bolt 120 ce, wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115/230. Idan yana kan 115 ka jona a soket ɗinmu, shi kenan. A sa mita a gabanka: layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Kuma kada ka buɗe cikinsa, kafasitocin suna riƙe wuta ko an zare.

36/ TAMBAYA TA UKU: ZAI JURE WUTARMU?
Wannan ce ba za ka ji ta a bakin masu bidiyon waje ba, don su wutarsu iri ɗaya ce dare da rana. Injina kuwa wuta uku yake sha: ta layi idan ta samu, ta janareta, da ta sola a gida. Kowacce da halinta, kuma fawa-fak ne ke fara karɓar dukan.

37/ A takardar gefen nan dai, nemi inda aka rubuta wutar shiga. Wani 200–240V ne, wani 100–240V. Na biyun nake ba da shawara. Kun san lokacin da wuta ke zuwa rabi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar. Mai karɓar 100 zuwa 240 zai ci gaba da aiki a inda ɗayan zai riƙa ɗaukewa.

38/ Masu sola, ku duba inbatarku. Akwai mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi, wadda ake kira fiyo sain, akwai mai arha da ke fitar da ita a kakkarye kamar matakala. Fawa-fak na zamani masu Active PFC da yawa ba sa shiri da ta biyun. Za ka ji yana zuuu, ko ya ɗauke lokacin da aiki ya yi nauyi.

39/ Ga lissafin batir. Mai bolt 12 da 200Ah, a takarda 2400Wh ne. Idan na ruwa ne ko na gubar da aka saba, rabi ake sha don ya yi ƙarko, wato 1200Wh. Injina a tsananin aiki yana neman wat 300. A kashi 88, wajen 340 yake ja daga bango. Ka ƙara sikirin da asarar inbata, awa uku da wuya.

40/ Da a ce fawa-fak ɗin mai kashi 75 ne, 400 zai ja don ya ba da 300 ɗin nan. Bambancin wat 60 kenan. Ga mai wutar layi ba wani abu ba ne. A gidanmu kuwa wat 60 shi ne fankar ɗakin Inna da fitilu biyu da dare. Shi ya sa tsimin wuta a wurinmu ya wuce ado a kwali.

41/ Idan wuta ta ɗauke, fawa-fak mai kyau yana riƙe inji na kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo, amma ya isa UPS ta karɓa. Wajen sayen UPS kada lambar VA ta ruɗe ka. Masu 650VA da yawa ba su kai wat 400 ba. Wat ɗin za ka nema, ka haɗa da na sikirin.

42/ Janareta kuwa ƙa'ida biyu ce. A tayar da shi ya daidaita kafin a jona kwamfuta, a kashe kwamfuta a zare kafin a kashe shi. Lokacin da mai ke ƙarewa yana tari, nan wuta ke hawa da sauka. Kuma idan ƙarami ne, a roƙi mutanen gida kada a jona dutsen guga ko hita kana tsakiyar aiki.

43/ Gidan ƙarfe yana da sharaɗi: layin ƙasa, wato at. Gidajenmu da yawa waya biyu aka ja, fil na ukun soket ba a jone yake da komai ba. Shi ya sa za ka taɓa kes ka ji yana ɗan cizo. Mai gyaran wuta ya kafa mana sandar at a bayan ɗaki, cizon ya tafi. Da damina kuma, da an fara walƙiya, a zare daga bango gaba ɗaya.

44/ Abin da ya fito: gida mai faɗin santimita 23, tsayi 19, tsawo 30. Madabod ƙarami ne, mini-ITX mai 17 × 17, yana zaune a kan 'yan ƙafafun tagulla don kada ya taɓa ƙarfe. Fawa-fak yana samansa. Baba ya shafa masa baƙin fenti. Yaran gida suna ce masa murhu. Ya yi zango biyu yana zirga-zirga, kuma na biya Inna rabin bashinta.

45/ A taƙaice, ga jerin:
• Sayi fawa-fak kafin a ƙera gida
• Auna zurfi, ƙara santimita 3 zuwa 4 na wayoyi
• Gwada da kwali
• Haɗa wat ɗin kayanka, bar sarari
• Karanta layin +12V
• Nemi 100–240V da haruffan kariya
• Duba inbata, UPS da at
• Zaɓi wanda za ka samu madadinsa kusa

46/ Na ƙi ambatar sunan kamfanin nawa da gangan, don kada a ce talla nake, kuma kamfani ɗaya yana iya yin mai kyau da marar kyau. Samfurin ake bincika. Farashi ma ban sa ba, kun san yadda dala take, abin da na faɗa yau gobe ya zama labari. Wanda ya iya karanta takardar gefen nan, da wuya a cuce shi.

47/ Mai shirin haɗawa ya ajiye sunan furosesarsa da katinsa da irin wutar gidansu a ƙasa, mu yi lissafin tare. 'Yan uwa mata masu zane da haɗa bidiyo, ku ma ku tambaya, babu tambayar banza. A tura wa wanda zai amfana. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Ruma da Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya.